Waiwaye: Tsohon Alkawarin Taba Mai Sauƙi

Waɗanda suka kwana biyu a duniya cikinmu ba su manta da teburin mai tireda na bakin tasha ba: ashana a jere, alawa a kwalba, goro a lulluɓe da jiƙaƙƙen algarara, ga kuma kwalin sigari a buɗe ana sayarwa kara-kara. Akwai mai zobe, akwai mai basukur, daga baya Benson da Rothmans suka zama na 'yan boko da manyan direbobi. A Zariya kamfanin taba yana da masana'anta, manoma na noma masa ganye, samun aiki a can kuwa abin a yi wa mutum barka ne. Ana busa hayaƙi a motar haya, a ofis, a silima, ba mai cewa uffan. Malamanmu sun daɗe suna ƙyamar taba, iyaye kuma na ganin rashin kunya ne yaro ya riƙe kara a gaban babba, amma faɗan ya tsaya ne a kan tarbiyya da ɓarnar kuɗi. Batun huhu bai cika shigowa hirarmu ba.

Da ya fara shigowa, sai ya tarar an riga an tanadar masa amsa. Ka ce wa mashayi taba na kisa, ya juya gindin karan ya nuna maka audugar nan da ta rine, ya ce ai ga dafin nan ta tare shi. Wani ya ce shi mai sanyi yake sha, ba ta kama maƙogwaro. Wani ya ce tasa mai sauƙi ce, ta manya. Mun ji waɗannan maganganu har mun saba, wasunmu ma sun gaskata.

Abin da ya tuno mini da wannan shi ne wani ɗan abu da muke gani yanzu a hannun 'ya'yanmu da jikokinmu, mai batir a ciki, ana zuƙa ana fesar da tururi mai ƙamshin mangwaro ko na'ana'a. Sigarin lantarki ke nan, samari na ce masa vape. In ka yi magana, amsa na bakinsu: ai likitocin Turai sun ce ba shi da illa. Likitocin Turai ba su faɗi haka ba. Abin da suka faɗa yana da tushe mai nisa, kuma sai mun tono shi za mu gane abin da ya raba kan manyan hukumomin lafiya a kan wannan na'ura.

A 1950 wasu masana biyu a Ingila, Richard Doll da Austin Bradford Hill, suka fitar da binciken da suka yi a asibitocin Landan, inda aka ga kusan duk mazan da sankarar huhu ta kwantar mashaya sigari ne. Shi kansa Doll yana sha, ya daina yana tsakiyar aikin. A 1951 suka shiga bibiyar dubban likitocin Birtaniya: wa ke sha, wa ba ya sha, wa ya rasu, me ya zama ajalinsa. Ƙungiyar likitoci ta Royal College of Physicians ta fito fili da gargaɗinta a 1962, babban likitan gwamnatin Amurka, Luther Terry, ya biyo baya a 1964.

Kamfanonin taba ba su naɗe hannu ba. Da tsoro ya shiga zukatan mashaya, sai aka kawo musu abin kwantar da hankali, wato audugar nan ta gindin kara. Sigarin Kent da ya fito a Amurka a 1952 an tallata shi da cewa tacewarsa ta fi ta kowa, alhali har zuwa 1956 akwai asbestos a cikin matatarsa, ma'adinin da shi kansa ke haddasa sankara. Bayan nan aka shigo da sigari mai sauƙi, mai ƙarancin kwalta. Dabarar ita ce a huda ƙananan ƙofofi kewaye da gindin karan. In injin gwaji ya zuƙa, iska ta shiga ta ƙofofin ta tsinka hayaƙin, sai ma'auni ya nuna kwalta kaɗan. Amma ɗan Adam ba inji ba ne. Leɓensa da yatsunsa na toshe ƙofofin, kuma tun da jikinsa ya saba da wani adadi na nikotin, sai ya ƙara jan hayaƙin can ƙasan huhu, ya ƙara yawan karan da yake sha.

Abin da ya fi ciwo, wanda kuma aka fi mantawa, shi ne cewa hukumomin lafiya da kansu sun shiga wannan rami da kyakkyawar niyya. Sun riƙa buga jerin sunayen sigari da yawan kwaltar kowanne, suna ba wanda ya kasa dainawa shawara ya koma mai ƙaramin adadi. Sai a 2001 cibiyar binciken sankara ta gwamnatin Amurka ta bayyana cewa sauyin bai kawo wa lafiyar mashaya wani amfanin a zo a gani ba. A 2006 mai shari'a Gladys Kessler ta yanke hukuncin cewa manyan kamfanonin sun yaudari jama'a da gangan a kan wannan batu. Kafin nan an shafe shekaru kusan talatin, kuma Allah kaɗai ya san yawan waɗanda suka yi niyyar dainawa, aka ce musu ga mai sauƙi, suka fasa.

Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya. Duk lokacin da muka ji Hukumar Lafiya ta Duniya na ɗari-ɗari da sigarin lantarki, mu tuna wannan saran take tunawa.

To amma akwai wata gaskiyar da ita ma bai kamata a binne ba. A 1976 wani likita a Landan, Michael Russell, ya nuna cewa nikotin ke sa mutum ya sha taba, amma kwalta ke kashe shi. Ƙona ganye shi ne babbar musibar: hayaƙin sigari na ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga ciki an san suna jawo sankara. Nikotin ba abokin arziki ba ne, yana kama mutum ya ƙi saki, yana ɗaga bugun zuciya, yana cutar da ɗan tayi da ƙwaƙwalwar yaro mai tasowa, amma ba shi ne babban mai kawo sankarar huhu ba. A kan wannan tunani wani mai harhaɗa magunguna a ƙasar Sin, Hon Lik, ya ƙera sigarin lantarki na zamani a 2003. Shi mashayi ne, mahaifinsa ma haka, kuma sankarar huhu ce ta yi ajalin mahaifin. Na'urarsa na mayar da ruwa mai nikotin ya zama tururi, ba wuta ba toka.

Ingila ta karɓi abin hannu bibbiyu. A 2015 hukumar Public Health England ta ce illarsa ta gaza ta sigari da kimanin kashi 95 cikin 100, Royal College of Physicians ta faɗi kusan haka a 2016. Mujallar likitoci ta The Lancet ta soki wannan adadi, domin ƙiyasin wasu ƙwararru ne da suka zauna suka auna, ba sakamakon bibiyar majinyata ba. Sai dai gwaje-gwaje sun biyo baya. A wani da aka buga a 2019, an raba mutum 886 masu son dainawa gida biyu. Bayan shekara guda, kashi 18 cikin 100 na waɗanda aka ba sigarin lantarki sun rabu da taba, a ɓangaren masu cingam da mannin nikotin kuwa kusan kashi 10. Wannan nasara ce, kar mu raina ta. Amma cikin kowane biyar da suka rabu da taba ta hanyar na'urar, huɗu na nan suna zuƙarta. Sun kuɓuta daga hayaƙi, nikotin bai sake su ba.

Amurka kuwa wani abu daban ta gani. Wani sigarin lantarki mai suna Juul ya fito a 2015, ɗan siriri mai shiga aljihun riga, da ɗanɗanon mangwaro da na'ana'a, ya mamaye makarantu. Zuwa 2019 fiye da kashi 27 cikin 100 na ɗaliban babbar sakandare suna zuƙar sigarin lantarki, da yawansu ba su taɓa kunna sigari ba. Ana maganin ƙaba, kai na kumbura. A Disambar 2018 kamfanin Altria, mai Marlboro a Amurka, ya sayi kashi 35 cikin 100 na Juul a kan dala biliyan 12.8, tun a 2013 kuma kamfanin Imperial Tobacco ya saye haƙƙin ƙirar Hon Lik. Waɗanda suka sayar mana da auduga jiya suna cikin masu sayar da tururi yau. Ga kuma wani ciwon huhu da ya ɓarke tsakanin masu zuƙar tururi a 2019, ya kwantar da mutum fiye da 2,800, ya kashe 68. Adalci shi ne a faɗi cewa yawancin wannan ɓarna ta fito ne daga man wiwi na bayan fage da aka gauraya da wani sinadarin bitamin E, ba daga ruwan nikotin na kanti ba. Duk da haka ya isa ya sa mu tambayi kanmu wa ya auna abin da ke cikin kwalaben da ke yawo a kasuwanninmu.

A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira da a ɗauki matakin gaggawa, ta ce ƙasashe 34 sun hana sayarwa, 88 kuma ba su da ko ƙa'idar shekarun mai saye. Indiya ta haramta tun 2019, Ostareliya ta mayar da shi kantin magani. Ita Ingila da ta yi alkawarin raba na'urar kyauta ga mashaya miliyan ɗaya a 2023, ita ce kuma Birtaniyar da ta haramta irin wanda ake zuƙa a yar daga 1 ga Yunin 2025, saboda yara da kuma shara. Babban likitanta, Chris Whitty, ya raba maganar gida biyu: mai shan sigari ya koma tururi ya fi masa, wanda ba ya sha kuma kar ya kusanci ko ɗaya.

A nawa ganin, ɓangarorin nan biyu ba ƙaryata juna suke ba, mutum daban-daban kowa ke kallo. Ingila na kallon magidancin da ya shekara talatin yana zuƙa, ƙirjinsa na kuka. Hukumar Lafiya ta Duniya na kallon yaron da bai taɓa ɗanɗana komai ba. Mu wanne ya fi yawa a gidajenmu? A 1974 kusan kashi 45 cikin 100 na manyan Birtaniya na shan sigari, sun gaji babbar rijiya suna neman igiyar fita. A Najeriya binciken ƙasa na 2012 ya sami ƙasa da kashi 4 cikin 100 na manya, mata kuwa ba su kai ko kashi ɗaya ba. Mu al'umma ce ta matasa, mafi yawansu huhunsu fes. Dokar taba ta 2015 ta hana sayar da sigari ga wanda bai kai 18 ba, ta hana sayarwa kara-kara, kuma duk mun san yadda ake bin ta a lungunanmu. Ƙasar da ba ta iya tsare wannan ƙofa ba tukuna, bai dace ta ɗauko rabin maganar Ingila ta bar rabin da ya shafi yara ba.

Ɗan'uwanmu da taba ta riga ta kama, ba za mu ɓoye masa gaskiya ba: tururi ya fi hayaƙi sauƙi, muddin ya bar sigarin gaba ɗaya, domin mai haɗa biyun bai tsira ba. Ya ga likita, ya kuma sa ranar rabuwa da ita na'urar. Kar ya ce ya makara. A 2004, bayan shekara 50 ana bibiyar likitocin nan na Birtaniya, Doll da abokan aikinsa suka nuna sigari na rage wa mashayi kimanin shekara 10, amma wanda ya daina yana ɗan 60 ya ceto 3, mai 50 ya ceto 6, mai 40 ya ceto 9. Rabin ƙarni aka ɗauka kafin a iya faɗin wannan da tabbaci. Sigarin lantarki kuwa shekararsa ashirin da 'yan kai a kasuwa, kuma yawancin yaran da suka fara shi a zamanin Juul ba su kai talatin ba.