Daga Teburin Malami: Yanar Ido Ba Tsufa Ba Ce

A watan nan ina so mu yi magana a kan idanun tsofaffinmu, kuma wata yarinya ta ajina ce ta jawo zancen.

Yarinyar nan tana da ƙoƙari ƙwarai, amma a zangon da ya wuce sai ta fara fashin makaranta, yau ta zo, gobe babu ita. Da na je gidansu bin sawu, na tarar ita ce 'yar jagorar kakarta. Ita ke kai ta bayan gida, ita ke kai ta sujada, ita ke zama da ita in an tafi gona. Na gaida tsohuwar na ce, "Kaka, tun yaushe idon ya rufe?" Ta ce, "Malam, ai damina uku ke nan. Tsufa ne, ɗana." Ɗanta ma haka ya ce. Amma ko ni da ba likita ba, na ga fari fat a tsakiyar ƙwayar idonta.

Maganar nan ta "tsufa ne" ta zaunar da dubban iyayenmu cikin duhu a banza. Daga 1 zuwa 10 a cikinmu mun san labarin Ishaku, wanda idonsa ya dushe har bai iya bambanta 'ya'yansa biyu ba, sai mu ɗauka haka rabon kowane tsoho ya ke. To, a zamanin Ishaku babu asibitin ido.

Tsakanin 2005 da 2007 an yi wani babban bincike a Nijeriya. Likitoci suka zaga ƙasar duka, birni da ƙauye, suka gwada idon mutum fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. Suka iske kimanin 4 cikin 100 makafi ne, a cikin waɗanda suka kai shekara 80 kuwa kusan 1 cikin 4. Arewa maso gabas ce ta fi kowane sashe yawan makafi in an auna da yawan jama'arta. Amma ga abin da ya fi tsaya mini a rai: kashi 84 cikin 100 na makantar nan irin wadda za a iya hanawa ce ko a warkar. Yanar ido kaɗai ta ɗauki kashi 43. Ita kuwa yana, likita yakan cire ta ne ya sa ɗan gilashi a madadinta, aikin da sau da yawa ba ya kai sa'a guda, washegari a kwance bandeji.

Binciken ya tono wani abu kuma mai ban tausayi. A cikin idanun da aka taɓa yi wa aikin yana, wajen 4 cikin 10 ba a asibiti aka yi ba. Masu aikin gargajiya ne da ke bin kasuwanni suka soka tsinke suka tura yanar can cikin ido. Mutum yakan ga haske na 'yan kwanaki, a yi ta murna, daga baya yawancinsu su koma makanta, wani lokaci har da ciwon da ba ya jin magani. Ba na ganin laifin tsofaffin da suka miƙa idonsu. Mai tsinke ya zo har ƙofar gida, ya karɓi akuya a bakin kuɗinsa, asibiti kuwa sai an nemi kuɗin mota na mutum biyu.

A lura, ba kowace makanta ce yana ba. Akwai hawan jinin ido, wanda ke cin gani a hankali ba tare da zafi ba, abin da ya cinye kuma ba ya dawowa. Saboda haka wanda ya haura 40, irina, ya kamata a riƙa gwada idonsa tun yana gani.

Gwamnati fa? A 2018 an sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa. A 2021 aka amince da manufar ƙasa a kan tsufa, a 2022 kuma sabuwar dokar inshorar lafiya ta lissafa tsofaffi cikin marasa ƙarfi da za a biya wa daga wani asusu. Madalla. Sai dai na tambayi dattawan ikilisiyarmu, ban sami ko ɗaya da ya ji labarin asusun ba. Ya kamata sakataren kowace ikilisiya ya je ofishin inshorar lafiya na jiharsa ya tambayo yadda a ke rubuta suna.

Wurin zuwa kuwa akwai. Asibitin Ido na ECWA a Kano yana aiki tun 1943, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ga asibitocin koyarwa na Jos da Zariya da Maiduguri.

Zumuntar mata ce ta tara kuɗin motar tsohuwar nan, ɗanta ya sayar da buhun masara biyu ya cika na aiki. An yi ido ɗaya, na biyun sai bayan girbi. Ran Lahadin da ta fara zuwa sujada da ƙafarta, ta tsaya ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, "Ashe Malam, kai ma furfura ta kama ka!" Jikar tata kuwa ta dawo aji, amma lissafin zango guda ya wuce ta, muna ta fama da shi bayan an tashi.