Ilimin Wa, Don Amfanin Wa?

Masu iya magana sun ce kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski. Haka binciken kimiyya yake: wanda ya biya kuɗin aiki, shi ke zaɓen tambayar da masana za su amsa. Tarihin noma a ƙasar Magarya da Dungas ya isa shaida.

A zamanin mulkin mallaka, gyaɗa ce Faransa ke bukata domin masana'antunta na mai. Saboda haka masananta suka duƙufa wajen zaɓen irin gyaɗa da auna yawan manta, amma hatsin da talaka ke ci bai sami irin wannan kulawa ba. Bayan samun mulkin kai a 1960, baitulmali ya ci gaba da dogara da gyaɗa, aka kafa kamfanin SONARA a 1962 domin cinikinta. Da fari ya auku a 1973, kuturun gyaɗa kuma ya biyo baya a 1975, sai manomi ya wayi gari ba kuɗi, ba abinci a rumbu.

Alhali kuwa akwai wani ilimi a karkara wanda ba a nemi masu shi ba. Manomi ya san gawo yana kaɗe ganyensa da damina, hatsi yana yin kyau a ƙarƙashinsa, dabbobi kuma suna cin 'ya'yansa da rani. Amma dokar daji ta 1935 ta sa itatuwa a hannun hukuma, kuma mutum ba ya renon abin da ba nasa ba. Tun daga shekarun 1980 manoma suka shiga barin tohon gawo a gonakinsu. A 2006 masu bincike suka ƙiyasta cewa itatuwa sun farfaɗo a fili mai kimanin hekta miliyan ɗaya a Magarya da Matameye da Mirya.

Wannan ba zargin kimiyya ba ne, domin ƙasa ba ta ci gaba sai da ita. Abin da ya wajaba shi ne, kafin a ware kuɗin wani bincike, hukuma ta tambaya: wa ya nema, wa zai amfana? A ji ta bakin manoma tun farko, a kuma rubuta sakamakon da Hausa, domin wanda ya yi yaƙi da jahilci ya karanta, ya auna, ya faɗi ra'ayinsa.