Kachala Da Shanun Potiskum

Cikin shanun da ake lodi a Kasuwar Shanu ta Potiskum zuwa Legas da Ibadan, akwai masu cin rani a fadamun Hadeja da Nguru. To, ciyawar kachala ta mamaye fadamun nan. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar damina ta ragu, ruwa ya kwanta, kachala ta toshe hanyoyinsa. Wurin kiwo ya ƙuntata, katantanwa mai yaɗa ciwon hanta ga shanu ta sami mafaka.

Wajibi ne Hukumar Kogin Hadeja da Jama'are ta yashe magudanai, likitocin dabbobi kuma su auna ɓarnar katantanwar. In kiwo ya lalace a Arewa, dillali da mahauci a Kudu ba su tsira ba.