Birki kafin fenti

'Yan rukuninmu na furojet sun dage sai an yi wa tsohuwar Peugeot 504 da muke mayarwa motar tsere fentin Gulf, shuɗi mai haske da ruwan lemo, irin na Ford GT40 da ta ci Le Mans a 1968 da 1969. Kalar ta haɗu, ban musa ba. Amma jama'a, kuɗin karo-karonmu ba zai isa fenti da birki ba! Ita GT40 awa 24 ta yi tana gudu ba ta watse ba. Tamu ko waldar ƙarfen kare direba ba a yi ba, kuma ni aka ce in tuƙa ranar gwaji. A sayo birki, in ya so ta fito da tsatsarta.