Ba Kundi Ne Ya Kori Nixon Ba



Duk lokacin da maganar siyasar Amurka ta taso a tsakaninmu, gida biyu muke rabuwa. Wasunmu su ce ai can doka ce ke mulki, kundin tsarin mulkinsu ya ɗaure shugaba tamau, ba shi da ikon yin ko tari sai da izini. Wasu kuma su ce duk wasan kwaikwayo ne, shugaban Amurka abin da ya ga dama yake yi. Mu dai a ganinmu duka biyun lalaci ne irin na wanda ba ya son bincike. Kuma marubucin da ya ɗauki ɗaya daga cikinsu ya miƙa wa masu karatu, ya cuce su.

Bari mu fara da abin da ke rubuce. Kundin da aka tsara a Filadelfiya a 1787 ya raba iko gida uku. Majalisa ce ke yin doka, ita ke riƙe da lalitar gwamnati, ita ke da ikon ayyana yaƙi. Tana da zaure biyu: Majalisar Wakilai mai kujeru 435 da Majalisar Dattawa mai 100. Shugaban ƙasa yana aiwatar da doka, yana iya hawa kujerar na-ƙi a kan ƙudiri, amma idan kashi biyu cikin uku na kowane zaure suka dage, ƙudirin zai zama doka ko ya so ko ya ƙi. Shi ke naɗa alƙalan Kotun Ƙoli, sai dai dole dattawa su amince, kuma da zarar alƙali ya hau, shugaba ba shi da ikon cire shi. Wakilai ke tuhumar shugaba, dattawa su yi masa shari'a, kuma ba a tsige shi sai da ƙuri'a 67 idan kowa ya halarta.

Wannan shi ne a takarda. To, ya abin yake idan an zo ƙasa?

Mu ɗauki Richard Nixon. A watan Yunin 1972 aka kama mutum biyar sun fasa ofishin jam'iyyar Democrat a ginin Watergate da ke Washington. Duk da haka, a Nuwamban shekarar Nixon ya lashe jihohi 49 cikin 50. Mutumin da ya yi irin wannan nasara, wa ya isa ya taɓa shi? Amma kafin a cika shekara biyu ya tattara nasa ya nasa ya bar fadar White House.

Ku lura da waɗanda suka taka masa burki. Da aka gano yana naɗar hirarrakin ofishinsa a kaset, mai bincike na musamman, Archibald Cox, ya nemi a ba shi. Ranar 20 ga Oktoban 1973 Nixon ya umarci ministan shari'arsa, Elliot Richardson, da ya kori Cox. Richardson ya ƙi, ya ajiye aiki. Aka juya kan mataimakinsa, William Ruckelshaus, shi ma ya ƙi, ya bar kujerar. Sai mutum na uku, Robert Bork, ne ya aiwatar. Waɗannan biyun da suka ƙi, Nixon ne ya ba su muƙamin.

Magana ta kai Kotun Ƙoli. Ranar 24 ga Yulin 1974 alƙalai takwas suka yanke hukunci baki ɗaya cewa dole ya miƙa kaset ɗin. Uku daga cikinsu shi ya naɗa su, har da Alƙalin Alƙalai Warren Burger wanda ya rubuta hukuncin. Bayan kwana uku, kwamitin shari'a na Majalisar Wakilai ya amince da tuhuma ta farko da ƙuri'a 27 da 11, kuma shida daga cikin masu goyon bayan tuhumar 'yan jam'iyyarsa ta Republican ne. Da aka saurari kaset ɗin da ke nuna ya amince a yi amfani da hukumar CIA don daƙile binciken FBI, sai jiga-jigan jam'iyyarsa, ciki har da Sanata Barry Goldwater, suka je har fada suka faɗa masa gaskiya: ba shi da ƙuri'un da za su cece shi. Ranar 9 ga Agusta ya sauka.

Yanzu mu tambayi 'yan uwanmu masu cewa wasan kwaikwayo ne: wane irin wasa ne jarumi ke rasa kujerarsa da gaske? Su kuma masu cewa kundi ne ya yi aikin, mu tambaye su: da Richardson ya ce "to, ranka ya daɗe", da alƙalan nan uku sun tuna da wanda ya yi musu rana, da sanatocin Republican sun ce namu namu ne ko ya yi laifi, wane shafi na kundin ne zai tashi da ƙafarsa ya je ya karɓo kaset? Kundi ya ba su sanda ne kawai. Su suka ɗaga ta, kuma a kan nasu.

Hujjar tana ƙara fitowa idan muka duba inda ba a ɗaga sandar ba. Kundi ya ce majalisa ce ke ayyana yaƙi. Rabon da ta yi hakan tun 1942. Amma an yi yaƙin Koriya, an yi na Biyetnam, an yi na Iraƙi da Afganistan. A 1973 majalisa ta farga, ta yi dokar da ta ba shugaba kwana 60 ya samo izininta ko ya janye soja, ta ma zartar da ita duk da Nixon ya hau kujerar na-ƙi. Sai ga shi a 2011 gwamnatin Obama ta wuce kwana 60 tana luguden wuta a Libiya, ta ce abin da take yi bai kai matsayin faɗan da dokar ke nufi ba, majalisa ta yi ta surutu, ba ta hana ba. A 2001 kuwa, bayan harin 11 ga Satumba, da hannunta ta miƙa wa shugaba izinin amfani da ƙarfin soja mai faɗin gaske, inda a zauren wakilai mace ɗaya tak, Barbara Lee, ta kaɗa ƙuri'ar ƙi. Shugabanni da dama sun ci gaba da fakewa da wannan izini shekara da shekaru. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a nan masu gidan ne suka tsaga bangon, don ɗan majalisa ya fi son wani ya ɗauki alhakin yaƙi, shi ya tsira da kujerarsa.

Kotu ma ba waliyyiya ba ce. A 1944, a shari'ar Korematsu, ta goyi bayan korar 'yan asalin Japan daga gidajensu, alhali akasarinsu 'yan ƙasa ne haifaffun Amurka. Bayan shekara takwas kuma, a 1952, kotun ta hana Shugaba Truman ƙwace masana'antun ƙarfe. Sassan kundin da suka shafi waɗannan shari'o'i ba su canja ba tsakanin hukuncin biyu.

Haka batun tsigewa. An tuhumi Andrew Johnson a 1868, da Bill Clinton a 1998, da Donald Trump sau biyu, a 2019 da 2021. Ba ɗaya da dattawa suka tsige. A 2021 ƙuri'a 57 aka samu, bakwai daga 'yan Republican, saura goma a kai 67. Ko mene ne ra'ayinka a kan kowannensu, lissafin a fili yake: ba a taɓa cire shugaba sai 'yan gidansa sun yarda su juya masa baya.

Me ya sa wannan ya dame mu? Saboda tun 1979 Najeriya ta ari wannan tsari na shugaba mai cikakken iko. Kuma mun ga ranar da ya yi aiki: a watan Mayun 2006 Majalisar Dattawa, ƙarƙashin Ken Nnamani ɗan PDP, ta yi watsi da gyaran kundin da zai ba da damar tazarce, a lokacin da PDP ɗin ce ke mulki. Can ma 'yan gida ne suka ce a'a.

Don haka 'yan uwa, idan za mu rubuta maƙala ko labari a kan mulki, mu daina cewa "doka ta hana" ko "tsari ya gaza" mu yi shiru. Mu faɗi wa ya hana, ranar yaushe, me ya rasa saboda hanawar. Mu faɗi wa ya yi shiru, me ya ci da shirunsa. Mai karatun da muka koya wa cewa kundi ne ke ceto, zai naɗe hannu yana jiran kundi. Wanda muka koya wa cewa duk ƙarya ce, ba zai ma fita rumfar zaɓe ba. Amma wanda ya san sunan Richardson, gobe zai tambayi sanatansa: ranar da aka zo da buƙatar maigida, kai ina ka tsaya?

Wanda ke da ja, fili nasa ne, amma ya zo da suna da shekara. Allah Ya ƙara wa alƙalaminmu albarka.