Malami Ya Iya Kafa Rumfa Da Hannunsa

'Yan'uwa, a nan ana koya mana yadda za mu tsara darasi, da yadda za mu tsaya gaban allo, da yadda za mu riƙe littafin kiran suna. Duk wannan daidai ne. Amma akwai abu guda da muke ganin an bar mu a baya, shi ne abin da malami zai yi ran da ya wayi gari ba shi da ɗakin karatu. Wannan kuwa ba tatsuniya ba ce. Hadarin farkon damina, wanda kan taso daga gabas da iska da ƙura, ba ya tambayar ko rufin na makaranta ne kafin ya yaye shi. In malami ya sallami yara ya ce sai an gyara, to, lokacin shuka ne, iyaye kuwa dā ma neman hannu suke yi a gona. Yaron da ya yi wata biyu da fartanya, komo da shi aji sai an sha wuya.

Maganin wannan rumfa ce, kuma malami da manyan yaransa sun isa su kafa ta tsakanin hantsi da la'asar.

Ga yadda muka ga ya fi. A zaɓi tudu, kada a yi kwari inda ruwa ke kwanciya. Domin yara talatin, taku 8 a tsawo da taku 5 a faɗi ya wadatar. A sami dirkoki 12, a jera su sahu uku, a haƙa wa kowace rami da dagi, zurfin kamu guda. Ƙirya da marke sun fi jimrewa, amma in babu, kowane itace mai gwafa ya yi, muddin an babbake gindinsa a wuta an zuba toka a ramin saboda gara. Sahun gabas ya zama gajere, na yamma ya fi tsawo. Nan ne fa hikimar take, kuma nan ne masu gaggawa ke kuskure. Rufin da ya sunkuya wa gabas iska kan bi ta bisansa ta wuce, ruwa kuma ya gangara baya. Wanda ya ɗaga baki ga gabas kuwa, iska kan shiga ƙarƙashinsa ta ɗauke shi kamar faifai. Sa'an nan a gitta gora ko gwangwala bisa gwafannin, a ɗaure da igiyar rama ko ta kaba, a shimfiɗa karan dawa, a ɗora zana. In inuwa kaɗai ake so, an gama. In damina ce, sai a ƙara yantaccen shuci, a fara daga ƙasa a hau sama, kowane sahu ya rufe kan na ƙasansa, a danne da tanka. A kewaye gabas da arewa da zana, watau an tare ranar safe da feshin ruwa da iskar hunturu gaba ɗaya. Allo kuma a jingine shi jikin zanan nan, don haske ya faɗo masa daga bayan yara.

Wani zai ce wannan aikin leburori ne, bai kamaci mai ilmi ba. Abin mamaki! Yawancinmu daga makarantar allo muka fito, mun kuwa san gardawa kan fita bayan gari da rani su kafa bukkokin kara da hannunsu, a ciki su haddace Alƙur'ani. Matan Filanin daji kan tayar da bukka ran da aka sauka mashekari. Kwalejin Katsina ma, wadda aka buɗe a 1922, ginin ƙasa ce, daga cikinta kuwa Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka fito. Ashe ba kwano ke sa karatu ya zauna ba.

Akwai dai magana guda mai nauyi da ba za mu ɓoye ba. Masu hankali na cewa in hukuma ta ga yara na karatu a rumfa, sai ta saki jiki, gyaran wata guda ya koma na shekara uku. Gaskiya ne, yakan faru. Amma ba a gyara wannan da barin yara a rana. Ran da malami ya kafa rumfa, ran nan zai rubuta takarda ya faɗi ɓarnar da aka yi, ya kuma sake rubutawa kowane wata har a zo. Gobara da awaki su ma abin tsoro ne: a share ciyawa taku biyar kewaye, kada a hura wuta kusa, a kuma sa ƙaya a gindin zana. Itace kuwa kada a sara sai da iznin mai gari da ma'aikatan daji.

Saboda haka muna roƙon shugabanninmu su ba mu Asabar guda bayan girbi, lokacin da kara ke zube a gonaki kyauta. A raba mu ƙungiya ƙungiya, kowace ta kafa tata a bayan fili, a bar su tsaye har hadarin farko ya zo ya duba mana aikin.