RA'AYINMU: Bikin Zagayowar Ranar Haihuwa Da Mutuwar Sana'ar Hannu A Gidajenmu

 

'Yan'uwa masu karatu, a wannan wata mun ga ya wajaba mu yi tsokaci a kan wata baƙuwar al'ada wadda a da sai a gidajen manyan ma'aikata na Kano da Kaduna ake jin labarinta, amma yanzu ta biyo hanyar Wudil ta sauka a Birnin Kudu, ta zarce Gwaram, tana kuma leƙa garuruwa irin su Babaldu da Sara da Basirka. Wannan al'ada ita ce bikin zagayowar ranar haihuwar yaro, wanda yaran ke kira "bazde". Wani zai ga abin bai kai a yi masa shafi guda ba. Mu kuwa muna ganin ya kai, domin abin da ya shafi tarbiyyar yaro da aljihun ubansa da mutuncin uwarsa a idon maƙwabta ba ƙaramin abu ba ne.

Yadda ake yin abin sananne ne. Za a yi odar kek, a kafa masa kyandir, a hura balan-balan, a ɗauko hayar kujeru da lasifika, a sa wa yaro rigar wani gwarzon katun da ya gani a talabijin, a ɗauki hotuna a watsa a WhatsApp da Facebook. Idan aka dubi kayan nan ɗaya bayan ɗaya, da wuya a sami ko guda wanda hannun wani ɗan gidan ya yi. Komai saye ne ko haya. Wannan kuwa yana faruwa ne a lokacin da magidanci ke fama da tsadar rayuwa, musamman tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Uwa kan kwashe adashinta ko ta sayar da akuyarta domin kada a ce ɗan wance ya fi nata, yaran maƙwabta kuma da ba a gayyata ba su tsaya a bakin zaure suna leƙe, su koma gida suna tambayar iyayensu laifin da suka yi. Allah Maɗaukakin Sarki ya yi hani daga almubazzaranci a cikin Suratul Isra'i, aya ta 26 da ta 27, har ya danganta masu yin sa da shaiɗanu, kuma babu almubazzarancin da ya fi muni irin wanda aka ci bashi aka yi.

Game da asalin abin, ba ɓoyayye ba ne. Kek mai kyandir na yara al'ada ce da ta yi ƙarfi a Jamus, daga nan ta bazu zuwa Ingila da Amurka a ƙarni na 19, 'yan kasuwa suka karɓe ta suka mai da ita haja. Game da hukuncinsa kuwa, malamai irin su Shaihu Ibn Baz da Shaihu Ibn Usaimin sun yi fatawar hana shi, bisa hujjar cewa idi ne da aka ƙago kuma koyi ne da waɗanda ba Musulmi ba, ita kuwa hukumar fatawa ta Masar ta halatta shi muddin ba a haɗa shi da saɓo ba. Mu a wannan mujalla muna tare da masu hanawa, domin hadisin Anas ɗan Malik, wanda Abu Dawuda da Nasa'i suka ruwaito, ya nuna cewa da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya iske mutanen Madina da wasu ranaku biyu na wasa, sai ya sanar da su cewa Allah ya musanya musu da waɗanda suka fi su, wato Sallar Azumi da Sallar Layya.

To amma mu lura da abin da ke cikin hadisin nan. Ba a raba mutanen Madina da farin ciki an bar su hannu rabbana ba, musanya aka yi musu. Wannan shi ne ginshiƙin maganarmu ta yau. Yaro halitta ce mai buƙatar wasa da ado da ranar da za a ce tasa ce. Idan gida bai ba shi ba, kasuwa za ta sayar masa. Bikin "bazde" bai shigo gidajenmu ba sai da ya tarar da gurbi, gurbin kuwa shi ne wanda sana'ar hannu da wasan gida suka bari bayan mun yi watsi da su. Saboda haka duk wa'azin da ya tsaya a kan "haramun ne" kaɗai, bai nuna wa uwa abin da za ta miƙa wa ɗanta ba, to, rabin aiki ya yi.

Wannan yanki namu ba baƙon aikin hannu ba ne. A duwatsun da ke kewaye da Birnin Kudu, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai zanen shanu na mutanen da, wanda Bature mai binciken tarihi Bernard Fagg ya yi rubutu a kansa a shekarun 1950, kuma gwamnatin tarayya ta sa shi cikin kayan tarihin ƙasa. Kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta 1991, Birnin Kudu da Gwaram gundumomi ne na ƙasar Kano, ƙasar da Bajamushen nan Heinrich Barth ya ziyarta a 1851 ya yi mamakin yadda tufafin da ake saƙawa ana rinawa a cikinta ke kaiwa har Tumbuktu da Tarabulus. Abin da ya ƙara burge shi shi ne cewa wannan sana'a a cikin gidaje ake yin ta, ba a manyan masana'antu irin na Turai ba. Mata ne ke gurzar auduga su shiɓe ta su kaɗa zare da mazari, maza su saƙa, marina su rina, maɗinka su ɗinka. Ban da wannan ga saƙar faifai da tabarmar kaba, ga ɗinkin hula, ga ginin tukwane, ga gyaran ƙwarya, ga tufkar igiya. Da kuɗin waɗannan sana'o'i ne iyayenmu mata suka riƙa yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki ba tare da sun fita daga gidajensu ba.

Yaron da ya tashi a irin wannan gida ba a saya masa abin wasa, shi ke yi da kansa. Da an gama girbin dawa sai ya feƙe kara ya haɗa mota mai ƙafa huɗu, ko ya hau dokin kara, ko ya fasa gwangwani ya yi motar langa-langa. Da damina ya je bakin kududdufi ya gina shanun laka masu tozo da ƙaho. Yarinya ta sami ƙashi ko kara ta yi 'yar tsana, ta roƙi ƙyallaye a wurin tela ta ɗinka mata zane da kallabi, ta yi mata kitso da zare. Idan azumi ya kai kwana 10 aka fara tashe, yara su ne ke haɗa kayan shigarsu: gemun auduga, tumbin tsumma, tsohuwar rigar kaka, sandar dogarawa, tarkacen saiwoyi na Jatau Mai Magani. Ba muna cewa duk abin da ke cikin tashe daidai ne ba, domin yawon dare da cuɗanyar samari da 'yan mata da shigar namiji cikin kayan mata abubuwa ne da shari'a ba ta yarda da su ba. Abin da muke nunawa shi ne yaron wancan lokaci yana da hannu da basira. Ya san awo, ya san haƙuri, ya san cewa abin da ya lalace ana gyara shi, kuma ɗan sarki da ɗan talaka duk kara ɗaya suke feƙewa, babu wanda ya fi wani sai da gwaninta.

Yadda wannan gado ya sulale daga hannunmu ba a rana ɗaya ba ne. Yadin kanti ya kashe mazari, roba ta kori ƙwarya da tukunya, tabarmar leda ta kori ta kaba. Daga baya su kansu masaƙun zamani da suka gaji masaƙan gargajiya suka durƙushe: masaƙar Kaduna ta farko, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002, babbar masaƙar UNTL kuma ta dakatar da aiki a 2007, yadin Sin ya cika Kantin Kwari. Balan-balan da hular takarda da rigar katun da ake sa wa 'ya'yanmu, galibinsu daga kasuwanni irin na birnin Yiwu na ƙasar Sin ake loda su. Ke nan manomin Gwaram zai noma riɗi da guminsa, a fita da shi waje ɗanye, kuɗin kuma su bi bayansa a sayo abin da zai fashe kafin magariba. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce kayan aro ba ya rufe katara.

Wanda yake zaton yi wa yaro abin wasa da hannu ƙauyanci ne, to, ya koma ga tarihin magabata. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Uwar Muminai A'isha, Allah ya yarda da ita, tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah, Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa a cikin kayan wasanta har da doki mai fukafukai na ƙyalle, wanda ya sa Manzon Allah dariya. Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz ta ba da labarin cewa matan sahabbai kan yi wa 'ya'yansu abin wasa da gashin tumaki a ranar Ashura, idan yaro ya yi kukan yunwa a ba shi ya shagala har a sha ruwa. Uwar Muminai Zainab 'yar Jahshi tana jima tana ɗinkin fata da hannunta tana sadaka da abin da ta samu. Shi kansa shugaban halitta yakan ɗinke tufarsa ya gyara takalminsa. A nan ƙasarmu, tarihi ya ruwaito cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yakan tufka igiya domin ya ci daga guminsa, ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma, a littafin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sanya kula da masu sana'a cikin wajiban shugaba. Gyaran addini da raya sana'a tare suka taso a wannan ƙasa, bai kamata a raba su a hannunmu ba.

Mun san za a ce zamani ya sauya, yara suna makarantar boko da safe, Islamiyya da yamma, iyaye kuma kowa na fafutukar abin da za a ci. Wannan gaskiya ne. Sai dai lokacin da waya ke cinyewa a gida guda a rana ɗaya ya isa a saƙa faifai. Ba muna kiran a koma wa mazari a bar keken ɗinki ba ne. Keken ɗinki da kwarashi da almakashi duk kayan aikin hannu ne. Abin da muke nema shi ne yaro ya buɗe ido ya ga ana ƙera wani abu a gidansu, a kuma sa hannunsa a ciki.

Saboda haka muna kira ga iyaye da su mai da ranakun farin cikin da addini ya ba mu su zama na yara da gaske. Kafin Sallah ta zo, a zauna da su a yi musu hula da jaka da abin wasa, a bar yarinya ta sa hannu a ɗinkin kallabinta. Idan yaro ya kai izu ko ya sauke Alƙur'ani ko ya yi azuminsa na farko, a yi masa walima daidai ƙarfi da abin da ƙasarmu ke fitarwa: kantun riɗi, dakuwa, alkaki, zoɓo da kunun aya, a kira yaran unguwa duka ba tare da katin gayyata ba, a fara da marayu. Irin wannan taro yana koya wa yaro cewa ana girmama mutum ne saboda abin da ya aikata, alhali ƙarin shekara abu ne da ba shi da hannu a cikinsa.

Muna kira ga malaman makarantunmu na Islamiyya a Birnin Kudu da Gwaram da su ware awa guda a mako, ko da ranar Alhamis ce da ba a karatu, domin koyar da aikin hannu, su kuma gayyato tsofaffin da suka iya saƙa da ɗinkin hula da tufka su koyar, a ba su ɗan abin goro. Waɗannan tsofaffi ƙarewa suke yi, duk wadda ta rasu kuwa da iliminta ake binne ta. 'Yan'uwa mata masu wa'azi su sa wannan batu a cikin darussan makarantun matan aure. Masu makarantun kuɗi su daina barin ana kawo kek aji ana yankawa a gaban yaran da iyayensu ko kuɗin tara ba su iya bayarwa. Ƙananan hukumomin biyu da hakimai da dagatai su taimaka da wurin baje kolin kayan da mata da yara suka yi a ranakun kasuwa, mu kuma mu zama farkon masu saye.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya saba komai sai an saya masa zai girma yana jiran a ba shi, wanda kuwa ya saba ƙera motarsa da kara zai girma yana neman abin da zai yi. Kowane magidanci makiyayi ne, kuma za a tambaye shi game da abin da aka ba shi kiwo.

Muna roƙon Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya sa albarka a hannuwanmu, Ya wadata mu da halal ɗinsa, Ya tsare mu daga gasa da riya da bashi.